Matuƙin Rumbu Mai Tashi

Talata, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau kwana biyu ke nan. Inna tana asibiti a Kano tare da Yaya Mudassir. Ni da Kaka Hure muna gida. Baba ya je ranar Lahadin, ya dawo jiya da hantsi, ya ɗauki magirbi ya wuce gona. Kaka ce ta tare shi a bakin zaure ta ce, "Abdulmumini, ya jikin maigidan nawa?" Ya ce, "Da sauƙi, Iya." Bai ƙara komai ba.

An kawo babur ɗin Yaya a bayan mota. An jingine shi a zaure, an rufa masa tabarma. Idan zan wuce ina kallon ɗaya bangon.

Na juyo littafin lissafina ta baya ina rubuta wannan, don ba ni da wanda zan gaya wa. Ko ranar da babu komai, magana wuya take yi min.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Ban je makaranta ba. Yaya ne mai kai ni kullum kafin ya wuce kwaleji a Bici, kuma ba wanda ya tuna da maganar. Ni ma ban tuna wa kowa ba.

Na ɗauko gwangwanin katinmu na shimfiɗa su a kan gado. Zan rubuta yadda abin yake, ko don in samu abin yi.

Wani wasa ne Yaya ya gani a hannun wani ɗalibi. Sunansa na Turanci dogo ne, mu dai Ayari muke ce masa. Jirage ne na sararin samaniya da mutanen da ke cikinsu, kowa yana ƙoƙarin kai nasa ayarin wata duniya kafin na abokin wasansa. Kowane kati yana da suna a sama, hoto a tsakiya, doka a ƙasa, da ƙananan akwatuna uku: mai da yake sha, ƙarfinsa, da garkuwarsa. Na ainihin daga waje ake kawo su, masu sheƙi. Amma masu son wasan suna ƙirƙirar nasu, su ɗauki hoto su sa a wani zaure na waya, wasu su duba su ce wannan ya yi ƙarfi da yawa, wancan ba shi da amfani.

Yaya ya ce duk jiragen da ya gani babu wanda ya yi kama da abin da ya sani. Sai ya ƙirƙiro Ayarin Gero: mutanen da duniyarsu ta bushe, suka zuba irin gero a jirage masu siffar rumbu, suka tashi neman inda ake ruwa. Shi yake rubuta suna da doka da lambobi, ni nake zane. Da kwalin sabulu da na shayi muke yi, mu manna farar takarda a kai.

Talatin muka ce za mu yi. Mun gama ashirin da shida. Uku ya riga ya rubuta, zane kawai suke jira. Na talatin shi ne matuƙin babban rumbu. Ya sa masa mai huɗu, ƙarfi biyu. Suna da garkuwa ya bar su fili.

Da zai fita ranar Lahadi ya leƙo ya ce, "Hajiya Fensir, ki gama min ukun nan kafin in dawo, sai mu yi faɗa a kan matuƙi."

Zan gama su.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan azahar

Na zana Rijiyar Wata. Saman na bar shi fari.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Baffa Badaru, ƙanen Baba, shi ne mai zirga-zirga tsakanin nan da Kano. Ya dawo ɗazu idanunsa ja. Na ji yana gaya wa Kaka cewa ranar da aka kai Yaya asibiti, da ma'aikacin ya tambayi sunan mara lafiya, Baba shiru ya yi, sai da Baffa ya faɗa. Kaka ta ce, "To me kake so ya yi? Ɗan fari ne."

Na san haka ake yi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Baba ko Inna ba. Baba "mai babur" yake cewa, ko "yayanki". Idan ya yi abin kirki, Baba sai ya gyara zama ya ce an gode Allah, kamar maganar ɗan maƙwabta ake yi. Ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai wannan satin. Kullum da safe ya tafi girbi, da yamma ya zauna a zaure yana rubutu, babur ɗin yana bayansa.

Baba yana da wata al'ada. Duk abin da ya rubuta, a allo ne ko a takarda, sai ya ɗaga ya karanta shi a fili kafin ya ajiye, wai kada kuskure ya kwana. Daga ɗakinmu ina jin muryarsa. Ba ta canza ba ko kaɗan. Ina sauraro ko zan ji ta karye, ban ji ba. Allah ya yafe min wannan sauraron.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Shekara biyu da suka wuce, da Baba ya fara ganin zanena, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Jirgi da rijiya babu laifi. Ban da fuska." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ban taɓa saɓawa ba. Duk mutumin da ke cikin katinmu ta baya nake zana shi. Mai Gadin Iri ta baya. Makanikin Rumbu ta baya. Mai Duban Hadari ta baya.

Wani mutum daga wata ƙasa ya taɓa tambaya a zauren wayar, wai me ya sa mutanenmu duk sun juya baya. Na tsorata, na ce Yaya ya goge hotunan. Ya yi dariya ya rubuta masa cewa tafiya suke yi, mu ne aka bari a baya muna kallo. Mutumin ya ce bai taɓa ganin dabara irin wannan ba. Yaya ya yini yana tsokanata. "Kin gani? Baba ya zama babban mai tsara kati bai sani ba."

Yau na zana Injin Sussuka. Ya fito da kyau. Saman fari.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Zan rubuta daga farko.

Kaka ta gaji da ganina a ɗaki, ta ce in fito da "takardun maigidanta" in koya mata. Muka zauna a gindin dalbejiya. Na ba ta kati bakwai.

Ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan rumbun nawa yake ci?"

Na ce, "Mai uku, Kaka."

"Rumbu da shan mai? A zamaninmu gero yake ci, shi ma sai an yi sa'a."

Ta jefa Farar Ƙarfe, ta cinye min jirgi. Can an jima ta sake jefa ta. Ashe ta janye ta ƙarƙashin zane.

Na ce, "Kaka, kin riga kin yi wannan."

Ta ce, "A garinku sau ɗaya fara take zuwa?"

Na yi dariya. Rabona da dariya tun ranar. Dariyar ce Baffa Badaru ya shigo ya tarar.

Ya tsaya a kanmu ya ce, "Karta? A gidan malamai? Yaro yana can kwance, ku kuna nan kuna raba karta?"

Kaka ta ce, "Badaru, yaushe ka tuba da dara a gindin tsamiya ban ji ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce a bakin masallaci an fara cewa da ma yaron karta yake bugawa a Bici, shi yana ta musu, ashe abin yana cikin gida. Na san kwana takwas bai yi barcin kirki ba. Na so in ce ba a sa ko sisi a wasan nan, ba caca ba ce, lissafi ne da labari. Na shirya maganar tsaf a cikin kaina. Bakina bai buɗe ba.

Baba ya fito daga zaure. Ya kalli katin, bai kalle ni ba. Ya ce, "Tattara ki kawo." Na zuba su a gwangwani na miƙa. Ya ce, "Duka ke nan?"

Na ce, "E."

Na matuƙi yana cikin wannan littafin. Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba sai yau.

Baffa ya ce a ƙone su. Baba ya ce, "Sai na duba." Ya shiga da gwangwanin.

Rubutun hannun Yaya yana kan kowane ɗaya. Yadda yake jan wutsiyar y har ta shiga layin ƙasa. Ba ni da wani rubutunsa, littattafansa suna kwaleji.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan asuba

Na ashirin da tara yana cikin gwangwanin, rabinsa kawai na zana. Na ce wa Yaya zan gama.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Na koma makaranta. Mijin Malama Ramlat, mai koya mana kimiyya, yana bi ta garinmu da mota, sai suka ce in riƙa jiransu a bakin titi. Kujera mai laushi, ga taga. Amma ban san inda zan sa idona ba. Shekara huɗu ina tafiya wannan hanyar ban san akwai gidan mai kusa da gada ba. Bayan Yaya kawai nake gani.

Malama ta ce, "Tahira, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Haka kowa yake cewa, ni ma na iya.

A aji na fito da katin matuƙi a ƙarƙashin tebur. Na sa masa garkuwa tara da fensir. Mafi girma a wasan shida ne. Da Yaya ya gani zai ce, "Wannan ai ba kati ba ne, katanga ce. Wa zai yarda ya yi wasa da ke?" Ya sha gaya min cewa katin da ba a iya cirewa daga fili ɓata wasa yake yi. Na goge.

Na sake sa tara. Na sake gogewa. Wajen ya fara yin laushi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Duk ranar Juma'a Baba yana ƙona tsofaffin takardun karatu da suka yage a bayan gida, don kada a taka su, sannan ya binne tokar. Yau na ga hayaƙi. Na tsaya a bayan rumbu har ya tafi masallaci, na je na tona da tsinke. Tokar takarda ce, mai laushi. Kwali ba ya cinyewa haka, yana barin gefe. Ban ga gefe ba.

Na mayar da ƙasar yadda take. Yanzu laifina ya zama biyu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Baffa ya tafi da ni Kano. A mota bai yi maganar kati ba, ya saya min gyaɗa, na riƙe ta har muka isa.

Sai da muka bi ta cikin Ɗambatta, ga kasuwar da Yaya ya je ranar ta cika. Na rufe idona daga shataletale har muka fita gari.

Ba zan rubuta yadda ɗakin yake ba. Inna ta rame. Ta ce, "Matso ki gaishe da yayanki." Na matsa. Ƙafafunsa na kalla. An rufe shi da zanen Inna mai ganye, yatsun sun fito. Na ce, "Sannu, Yaya." Na ce masa na gama biyu. Ban gaya masa an karɓe ba.

Da za mu tafi Inna ta rako mu bakin ƙofa ta ce, "Shekaranjiya ya buɗe ido. Ya ce, 'A ba Tahira.' Sau biyu ya faɗa. Me za a ba ki?"

Na ce ban sani ba.

Laifina ya zama uku.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

An gama ɗaure geron gonar gabas, dami arba'in da ɗaya. Bara Yaya ne ya hau rumbu ana miƙa masa, yana cewa a yi a hankali da jirginsa. Bana Baba ne ya hau da kansa. Kaka ta ce ya sauko a kira wani, ya yi kamar bai ji ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Na zana matuƙi. Yana zaune, hannayensa biyu a gaba, hula ta ɗan karkace, a gabansa babbar tagar rumbu. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Abin da ke cikin tagar ne ya rage, kuma ba ni da abin da zan yi shi da shi. Kaka ta ce in jiƙa bular wanki. Na ce a'a.

Baba ya wuce ni a tsakar gida ya ce, "Kin ci abinci?" Na ce e. Na so in tambaye shi gwangwanin. Ya tsaya kamar yana jira, ni ma na tsaya, sai ya wuce.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Baffa ya kira. Baba ya tafi Kano ko hula bai canza ba.

Laraba, bayan la'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan azahar

An yi sadakar uku. Gidan ya cika ya rage, ya cika ya rage. Mata suna shigowa suna cewa, "Allah ya ji ƙan Mudassir." Inna tana cewa amin, idonta a ƙasa, ba ta kuka a gaban mutane. Sai ta shiga bayan ɗaki ta daɗe, ta fito fuskarta a wanke. Kaka ce mai kuka a fili. Tana cewa ya tafi bai biya ta kuɗin cefane ba, sai ta yi dariya, sai ta koma.

Daga zaure ina jin Baba yana amsa gaisuwa. "Sai haƙuri. An gode. Allah ya ba da lada." Sunan yana ta yawo a gidan, a bakin kowa, ban da mutum biyu.

Abokansa na kwaleji sun zo. Ɗaya mai suna Tasi'u ya aiko Kaka ta tambaye ni ko an gama katin, wai mutanen zauren wayar sun ji labari, suna so a sa sauran. Na ce ta ce masa ba a gama ba.

An ɗauke babur ɗin. Akwai tabon baƙin mai a inda ya tsaya. Yanzu kuma nan nake kallo.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da safe

Inna ta kira ni ɗakinta. Ta kwance ledar kayan da aka ba ta a asibiti: agogo, makulli, hula. Sai wani abu naɗe a takardar jarida, ta ce a aljihun rigarsa aka samu. "Ina jin wannan ne."

Fensir mai launi, shuɗi, guda biyu. Ɗaya ya tsage a tsakiya. Ɗaya lafiyarsa ƙalau, ko fiƙe shi ba a yi ba.

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba. Ranar Lahadin nan cewa ya yi ya gaji, ba zai je kasuwa ba. Ni na ce shuɗina ya ƙare, ba zan iya yin sama ba. Na ce sau uku. Ya ce, "Kai, Hajiya Fensir, ke da samanki." Ya tashi ya ɗauki makulli.

Talata, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban je makaranta ba. Ban yi zane ba. Na sa su ƙarƙashin katifa, na fito da su, na mayar.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Jiya aka yi bakwai. Yau baƙi sun ɗauke ƙafa. Da hantsi Kaka ta leƙo ta ce Baba yana kirana a zaure.

Na tarar ya shimfiɗa buzu, ya jera katin a kai layi-layi, kowanne a kan lambarsa. Ya sa tabarau. Baffa Badaru yana zaune a gefe.

Baba ya ce, "Zauna." Na durƙusa daga nesa. Ya ce, "Na karanta su duka. Boko ba ya yi min sauri, sai da na yi kwanaki." Ya juya wajen Baffa. "Babu kuɗi a ciki, babu rantsuwa. Mutane ne suka ɗauki iri suna neman ruwa." Ya ɗaga Farar Ƙarfe. "Wannan dai muguwa ce."

Baffa ya ce, "Iya ma ta ce haka." Ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce min, "Tahira, ki yafe ni. Raina ne a ɓace ranar." Na ce babu komai. Ya tashi ya fita.

Baba ya ɗauki murfin gwangwanin ya nuna min cikinsa, inda Yaya ya rubuta jerin sunaye. "Nan an ce talatin. Na ƙirga ashirin da tara."

Na tashi na ɗauko. Na miƙa da hannu biyu na ce, "Na yi maka ƙarya, Baba."

Ya ce, "Na sani tun ranar."

Ya daɗe yana kallon matuƙin. Sannan ya jawo Mai Gadin Iri, ya jawo Makanikin Rumbu, ya jawo Mai Duban Hadari, ya jera su kusa da shi. Ya sa yatsa a kafaɗar hagu ta kowanne, inda ta ɗan sauka ƙasa da ta dama.

Ya ce, "Yana shekara tara ya faɗo daga kan mangwaro. Ni na kai shi wajen mai ɗori a kafaɗata. Ba ta koma daidai ba." Ya cire tabarau ya goge. "Na ce miki ban da fuska, kuma kin bi. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga a nan. Duk shi ne."

Ban san na yi haka ba. Wallahi ban sani ba. Ni dai na ɗauka haka bayan mutum yake.

Sai maganar ta fito da kanta, ni da ba na iya magana. Na gaya masa zancen fensir, da yadda ya ce ya gaji, da yadda na nace. Na ce ni na aike shi.

Baba ya ce, "Da ya fito zai tafi, na ce tunda za shi, ya sayo min buhuna goma na zuba gyaɗa. Iya ta ba shi saƙon goro. Innarki ta ce kanwa. Wa za mu kama a cikinmu?" Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Tahira. Kada ki ɗauki abin da ba naki ba."

Na yi kukan da ban yi ba ranar Laraba. Bai hana ni ba. Da na lafa ya nuna ƙaramin akwatin da na goge har ya kusa hujewa, ya ce na mene ne. Na ce garkuwa ce, yawan dukan da kati zai iya jurewa kafin ya fita daga fili. Na ce Yaya bai sa ba, ni kuma duk abin da na sa ba ya yi.

Ya ce, "Bar shi haka. Wannan na saman fa?"

Na ce, "Suna."

Ya jawo tawada. Ya zaɓi alƙalamin da ya fi siriri, ya gwada bakinsa a farcensa. Ya ɗora katin a gwiwa ya rubuta da ajami, a hankali, daga dama, har ya cika layin. Ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa yana jira ya bushe.

Sannan ya karanta, kamar yadda yake yi wa duk abin da ya rubuta.

"Mudassir."

Muryar ta karye a tsakiya. Sai ya sake karantawa, don kada kuskure ya kwana.

Na ji motsi a bayan labulen cikin gida. Na ga ƙafafun Inna. Ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Baba ya mayar min da gwangwanin. Ya ce in gama na ashirin da tara, in ba Kaka ta ba abokan nan nasa su sa inda suke sawa. Na talatin kuwa ya ce ba za a sa shi a waya ba. Idan na gama abin da ke cikin tagar, in kai masa, zai ajiye shi cikin littattafansa.

Na ce wasan ba zai cika ba sai da matuƙi. Ya ce, "Su yi haƙuri. Mu ma haka muke yi."

Na ari rezar Inna na fiƙe wanda bai tsage ba. Na tara ɓawon a takarda, ban zubar ba. Na fara da Rijiyar Wata, sai Injin Sussuka, sai na ashirin da tara. Shuɗin ya fi wanda ya ƙare duhu kaɗan. Ina jin bai samu irinsa ba, ya zaɓi wanda ya fi kusa.

Yanzu saura tagar da ke gabansa. Babba ce, za ta ci fensir. Zan yi ta a hankali.